Zana Bisa Motar Zayyanu

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Zayyanu ya dawo! Jikana ya dawo daga Kwatano, ga shi can tsakar gida yana sharɓar miyar kuka!

Bismillahi. Malamin da ya koya mana rubutu a ajin dare ya ce da bisimilla ake farawa. Yau na saɓa, Allah ya yafe mini.

Ya ƙara tsawo, ya tara gemu. Matata Dela na ganinsa ta saki muciya ta ce, "Angona, sai yau? Saura kaɗan in kai ƙararka ga alƙali." Ya ce, "Ke tsohuwa, ni zuwa niy yi in gani ko kin mutu in ci gado." Ta bi shi da mafici.

Da akwatunan katako ya zo, babbar motar wani direba Sadisu ta sauke su ƙofar gida. A ciki akwai batura, da farantan sola, da wani inji kamar turmi a kwance. Duk don motar Turawa ne. Shekarun baya wasu Turawa mata da miji masu yawon duniya suka shigo ta Tsamiya, injinsu ya buga a nan Bagudo, suka bar mini motar da makullinta, ba su sake waiwayo ba. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gado, da wurin girki, har da ɗan famfo. A cikinta Zayyanu ya yi wasan ƙuruciyarsa. Yanzu kajin Dela ne masu gida.

Ya ce zai cire mataccen injin ya sa na lantarki, rana ta riƙa ba ta wuta, ba fetur ba gas. In ta tashi, zai zauna ya buɗe gareji a nan, mutane su kawo masa injinan ban ruwa da kekuna ya mayar musu na rana. In ba ta tashi ba, ubangidansa na can ya riƙe masa gurbinsa zuwa tsakiyar watan gobe.

Za ta tashi. Na gaji da jin muryarsa a waya.

Ubansa Haliru ya shigo daga fadama. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi. Haliru ya amsa yana kallon bango. Na ce wa Dela kunyar ɗan fari ce, ai ko sunansa bai taɓa kira ba. Dela ta ci gaba da tuƙin tuwo.

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

An kori kaji. Dela ta ce duk ƙwan da ya ɓata a wuyana yake.

Tun asuba ake bugun ƙarfe. Abokina Na'Allah, Bafillacen nan dogo da ya bar ruga wajen Lafagu ya dawo gari, ya zo ya jingina da sandarsa yana kallo har aka fiddo tsohon injin da sarƙa. Ya leƙa ramin ya ce, "Maliki, saniyar da anka hidda ma hanji, yanka ta anka yi." Na ce ya bari ya gani. Ya ce yana nan, ba inda za shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan magariba

Haliru ya ci tuwonsa a zaure. Zayyanu ya ci nasa a cikin mota.

Talata, 15 ga Oktoba, da azahar

Gida ya zama kasuwar 'yan gwangwan. Waya ja, waya baƙa, ƙusa a ko'ina. Jiya na taka wani abu ba takalmi, na yi salati har maƙwabta suka leƙo. Tabarmar da nake kishingiɗa a kai ta koma ƙarƙashin mota, ta sha baƙin mai. Butata ma na same ta cike da wani ruwa mai wari.

Ga 'yan kallo. Kowa ya dawo daga kasuwa sai ya tsaya ya tofa tasa. Wani ya ce a Birnin Kebbi ma ba a yi ba balle nan. Na ce masa ƙofar da ya shigo ta tana nan ba a rufe ba.

Ban yi wa yaron ƙorafi ba. In ya ga dama ya kwance rufin ɗakina ma.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da safe

Haliru da Zayyanu sun haɗu a bakin zaure, ɗaya zai shiga ɗaya zai fita. Kowa ya ja da baya. Sai da na yi gyaran murya.

Abin da ya faru shekarar injin ban ruwan nan, da kalmar da aka faɗa a zauren nan, ba zan rubuta ba. Injin dai yana nan bayan rumbu cikin buhu, ba mai taɓa shi, ba mai jefar da shi.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

An gama. Batura suna ƙarƙashin gado, farantai sun rufe saman motar kaf, baƙaƙe suna sheƙi. Kusa da sitiyari akwai ɗan gilashi mai nuna sanduna irin na cajin waya. Sai sandunan sun kusa cika za a gwada tafiya.

Na tambaye shi yadda abin yake. Ya ce, "Kaka, haske taka ci, ba zahi ba. Zahi ma shi ka kashe batir, shi as sa nis sa musu hwanka." Na sa ya maimaita, na riƙe da kyau. Haske abinci, zafi guba.

Ya ce, "Kuma don Allah, tsoho, kada kowa ya taɓa ta. Kowa. Har kai." Na ce ni me zan taɓa?

Ya samu aikin gyaran solar rijiyar burtsatse a Zagga. Zai riƙa fita da babur bayan asuba ya dawo magariba, ban da Juma'a.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da azahar

Na ɗora tafin hannu a jikin motar da hantsi, na janye da sauri. Ƙarfen nan ya isa ya gasa masara. A cikin wannan tanda yaro ya bar baturan da ya tara wahalarsa ta shekaru ya saya? Ɗan fankan nan me zai yi?

Na zauna na yi tunani. A inuwa nake karatu, ina ganin kowane harafi. Ashe a inuwa akwai haske, zafi ne kawai babu. Kuma zana ba bango ba ce, haske na ratsa ta.

Na kira Na'Allah. Da tsawonsa da sandarsa muka tura sababbin zana biyu bisa rufin, suka rufe shi ruf. Da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, muka janye muka jingine. Hannuna bai taɓa motar ba, sanda ce ta yi aiki.

Ba zan gaya masa ba. Yaran yanzu ba sa son a taimake su.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan masallaci

Yana gida, don haka ban fito da zana ba, sai zuciyata ke ta ƙuna da ranar nan. Amma sanduna sun hau. Ya rungume ni har hulata ta faɗi.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan magariba

Sanduna sun tsaya. Har ma sun ɗan sauka. Ya ce bai gane ba, da safe yana aunawa wuta na shiga lafiya lau, ya dawo ya tarar kamar ba a yi rana ba.

Ni na gane. Zafin ranar Juma'a ne ya ji wa baturan ciwo. Gobe zan sa zana tun da wuri.

Talata, 29 ga Oktoba, da hantsi

Muna gama ɗora zana sai ga Haliru, wanda tun da aka fara aikin nan ko kallon motar bai yi ba. Ya tsaya ya dubi rufin, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, ko ka ara min zanan ga? Awaki sun dame ni ga albasa."

A garin nan duk ya rasa zana sai waɗannan? Na ba shi, ɗa ne. Na'Allah ya koma gida ya kawo nasa.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da yamma

Yau ma sun hau. Na ce masa albarkar Juma'a ce. Ya ce, "Kaka, batir bai san Juma'a ba." Na ce ya yi istigfari.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da azahar

Haliru ya sake zuwa aro. Wai iska ta kada shingen. Wace iska? Ganye ko motsi ba ya yi.

Na ce, "Haliru, albasa kaka shukawa ko gidan aure kaka kewayewa?" Ya naɗe zana ya ɗora a babur. Sai da na aika har kasuwa aka sayo wasu.

Mutum ya ƙi taimakon ɗansa, kuma ya hana a taimake shi. Ban haifi mai baƙar zuciya ba, ban san inda ya samo ta ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan magariba

Zayyanu ya kwance wayoyin duka ya sake ɗaurawa. Ya ce wataƙila an cuce shi ne a Kwatano, an sayar masa da matattun batura cikin sabon kwali. Bai ci tuwo ba. Dela ta kai masa fura ta ce, "Ango, ko kishiya kay yi min da ƙarhe?" Bai yi dariya ba. Ta dawo da kwanon yadda ta kai.

Na ji shi yana waya da Faransanci. Ban iya ba, amma na san muryar mai ba da haƙuri.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Haliru ya zo aron zana, karo na uku. Wai na maƙwabcinsa. Na ba shi ban ce uffan ba, don in na buɗe baki ba alheri zai fito ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da la'asar

Zayyanu ya wanke jakarsa ya shanya a igiya.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan masallaci

Sun hau, amma ko dubawa bai tsaya yi da kyau ba. Ya ce wasa take masa. Sadisu zai yi lodin Kwatano ranar Alhamis, zai bi shi.

Na ce ya ƙara haƙuri. Ya ce, "Kaka, gari duk dariya aka yi min. Kuma wanda yac ce hannuna ɓarna kaɗai ya iya, ga shi ya yi gaskiya." Na ce ba wanda ya faɗi haka. Ya dube ni. Na dubi carbina.

Liman ya yi huɗuba, ban san a kan me ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan magariba

Abin mamaki. Muna zaune a tsakar gida, ni a kujera, Zayyanu a bakin mota, sai Haliru ya fito daga zaure da kwanonsa a hannu. Ya tsaya yana fuskantar rumbu, ya ce da ƙarfi, "A hwaɗa ma wanga yaro, gobe ya wuni gida. Kada ya tahi Zagga. Ya shiga cikin motar ya kwanta, ya yi shiru."

Ya juya ya koma. Na ce, "Wa za ya hwaɗa mai, rumbu?"

Ni ban ga abin da kwanciya a mota za ta gyara ba. Da safe dai na ji babur ya fita kamar kullum, to shi ke nan.

A'a, zancen babur ɗin na safiyar Lahadi ne, na rubuta shi a shafin Asabar. Na haɗa shafi, kaina ya ɗaure.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da azahar

Ashe bayan masallaci ya kai babur ɗin ya ajiye, ya zagayo ta ƙofar baya.

Na'Allah ya zo da hantsi. Mun tura zana ta farko, muna kan ta biyu, sai ƙofar mota ta buɗe. Na'Allah ya saki sanda ya ce, "Allahu akbar, aljanin Bature!"

Zayyanu ya fito ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ya daɗe yana kallo.

"Kaka, mi kaka yi?"

Na ce, "Inuwa."

"Tun yaushe?"

Na ce tun washegarin da ya sa farantan. Na'Allah ya ce, "Ni dai sanda nir riƙe, ɗana, ilimin na Maliki na."

Yaron ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannuwa, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake. Dariya ce, amma da hawaye a ciki. Na ce ya daina, ai shi ya ce haske take ci ba zafi ba, kuma ni a inuwa nake karatu.

Ya share ido ya ce, "Kaka, geron da yat tsiro ƙarƙashin mangwaron gonarka, ya taɓa yin zangarniya?"

Bai taɓa ba. Tsawo yake yi, siriri, ɗorawa-ɗorawa, ya mutu haka nan. Shekara nawa ina hana a zuba iri a wurin.

Na wuce zaure na sami Haliru. Na ce, "Kai da kaka ban ruwa da sola ga hwadama, ka sani?" Ya ce ya sani. Na ce, "Don mi ba ka hwaɗa min ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni in dube ka in ce ka yi kuskure?"

Na ce, "To shi fa, don mi ba ka hwaɗa mai ba?"

Ya juya fuska ga bango.

Gida ɗaya, maza uku, kowa da bakinsa, amma sai da aka kwashe zanan rabin gari aka kai fadama! Wannan ba ya iya gyara wa ubansa, ba ya iya magana da ɗansa. Wancan ya hana a taɓa, ni kuma na ɓoye. Dela ta ji komai daga madafa, ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce ita tun farko ta ga abin bai yi mata ba, amma wa ya tambaye ta.

Na'Allah bai tsaya cin abinci ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Haliru ya dawo da zana tuli a amalanke. Zayyanu ya ce gefen motar da tagoginta lallai suna son inuwa, rufin kaɗai za a bar wa rana. To ashe ban ɓace gaba ɗaya ba, na rubuta wannan don a sani.

Su biyu suka kafa itatuwa suka kewaye ta. Ɗaya na riƙewa, ɗaya na ɗaurewa. Ba wanda ya ce wa wani kanzil, amma da igiya ta ƙare Haliru ya miƙa tasa.

An hana ni zuwa kusa. Dela aka sa gadi.

Talata, 12 ga Nuwamba, da la'asar

Sanduna suna hawa. Jakar tana nan a ɗaure. Ya ce cikar batir daban, tafiya daban, bai taɓa gwada injin da nauyin motar ba.

Tunda nake ban taɓa zama ina roƙon Allah ya ƙara zafin rana ba sai yau.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da azahar

Wani ɗan gajimare ya taso daga wajen Binin. Na tsaya na harare shi har ya wuce.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar



Da hantsi aka janye zana. Sadisu ya tsayar da babbar motarsa a bakin titi ya aiko a ce yana jira. Zayyanu ya ce in shiga. Na zauna a bakin gadon Turawa, Na'Allah a gefena ya rungume sandarsa, Dela a wurin girki tana buɗe-buɗe. Yaron ya murɗa makulli.

Ba abin da ya faru. Ko tari ba ta yi ba. Na ce, "Sake gwadawa, ɗan albarka, ko mu sauka mu tura."

Ya ce, "Kaka, ta tashi."

Na ce kada ya yi mini wasa da hankali, na san ƙarar mota. Na'Allah ya ce, "Akuyar da ak kwance ƙarƙashinta ma ba ta ji ba." Gaskiya ne, sai da Dela ta sauka ta kore ta.

Haliru na tsaye a bakin zaure, hannu a baya. Zayyanu ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gaba, yana kallon sitiyari ya ce, "Kaka, a hwaɗa ma Baba akwai wuri gaba." Ban ma buɗe baki ba, Haliru ya kakkaɓe takalmansa ya shigo.

Sai na ga rumbu yana tafiya baya.

Ba ƙara, ba hayaƙi, ba wari, sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya da wani ɗan zuuu kamar sauro. Muka fita ƙofar gida, muka bi ta gaban masallaci, ta bakin kasuwa. Mutane ba sa jin zuwanmu, sai sun waiwaya su yi tsalle. Mutumin nan mai zancen Birnin Kebbi yana tsugune yana cinikin rake, muka tsaya dab da bayansa, na leƙo ta taga na yi masa sallama. Ya zubar da raken. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Mun kama hanyar Zagga har muka wuce gonakin shinkafa muka juyo. Sanduna sun ragu, amma da saura.

Da muka dawo Haliru ya sauka ya zagaya bayan rumbu. Sai ga shi da buhun nan a kafaɗa. Ya dire shi gaban motar, ya kwance bakin, tsohon injin ban ruwa ya leƙo duk tsatsa. Ya juya wajena ya ce, "Baba, a hwaɗa ma wanga yaro..."

Na ce, "Ba ni hwaɗi. Na gaji. Ga shi nan gabanka."

Ya tsaya. Ya dubi taya, ya dubi injin, sannan ya ɗago.

Ya ce, "Kai. In ka samu sarari, ka duba shi. Kai ka iya."

Zayyanu ya durƙusa a gaban buhun ya ce, "To, Baba." Ya daɗe bai ɗago kai ba, wai yana duba tsatsa.

Sadisu ya yi ta danna oda a bakin titi. Dela ta ɗauko jakar ta zazzage kayan a kan tabarma, ta leƙa waje ta ce a gaya masa ya yi gaba, angonta ba ya zuwa ko'ina.

Na aika wa liman ya sanar gobe bayan Juma'a, na kuma sa Na'Allah ya kai labari ruga. Mutanen Zagga, na Lafagu, na Matsinkai, har dangin Dela na tsallaken iyaka, da duk wanda ya tsaya ƙofar nan ya yi dariya, ku zo. Ku zo ku ga motar da ke cin rana, ku ga jikana da ubansa a kujerar gaba. A zo da rana tsaka, lokacin ta fi ƙoshi. Akwai inuwa ga kowa, zana ta ishe mu, amma wanda ya kusanci rufin nan da ita, ni da shi ne.